Babi na Shida: Kunne a Cikin Kankare

Ruwan da ke wucewa ta Haɗeja daga ƙasar Kano yake tasowa. Kogin Kano da na Challawa ne suke haɗuwa a kudu da birni, su bi ta Wudil, su ratsa Ringim, su iso Haɗeja. Daga wajajen Wudil ƙasar duwatsu take ƙarewa, sai kogin ya faɗa shimfiɗaɗɗiyar ƙasar rairayi da laka wadda ta miƙe har Tafkin Chadi. Da yake gangaren kaɗan ne, ruwan ba ya gaggawa. Yakan bazu, ya rarrabu zuwa rassa irin su Kafin Hausa da Burum Gana da Marma, ya cika fadamun Haɗeja da Nguru, sannan abin da ya rage ya gamu da ruwan Jama'are su zama Kogin Yobe.

Shekara 50 ke nan ɗan Adam yana yi wa wannan ruwa linzami. An kammala madatsar Tiga a 1974, ta Challawa da ke Ƙaraye a 1992. A farkon shekarun 1990 aka datse kogin a yankin Auyo domin noman rani na Kwarin Haɗeja, aikin da aka sake gyarawa da rancen Bankin Duniya, har Shugaba Muhammadu Buhari ya zo ya buɗe shi a watan Janairun 2023. Duk waɗannan suna hannun Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda aka kafa a 1976. Ga kuma gadoji da kwalbatoci da hanyoyin ruwa da aka shafe da siminti, waɗanda a kansu buhunan shinkafa da alkama da tattasai da kwandunan kifi suke bi su kai kasuwa. Jama'ar wannan kwari, ko sun lura ko ba su lura ba, rayuwarsu a kan kankare take jingine.

Yadda kankare ke ciwo

Kankare daga ciki yake fara lalacewa. Ƙarfinsa wajen ɗaukar danni babba ne, amma wajen jure ja bai wuce kusan kashi 10 cikin 100 na wancan ba, shi ya sa ake sa masa rodi. Zafi yana miƙar da shi, sanyi yana tsuke shi: bim mai tsawon mita 20, in zafinsa ya sauya da digiri 30, tsawonsa zai sauya da wajen milimita 6. A Haɗeja kuwa, inda zafin Afrilu da Mayu ke wuce digiri 40, daren hunturu kuma ya sa mutane jin wuta, wannan miƙewa da tsukewa ba su da hutu. Daga nan ƙananan tsagogi suke soma bayyana, waɗanda ido ba ya iya gani. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, ƙadangaren kankare kuwa ruwa ne. In ya kai ga rodi sai tsatsa ta kama, tsatsar kuma takan kumbura ta ninka ƙarfen da ta ci sau biyu zuwa shida, ta ture kankaren daga ciki har ya ɓantale.

A ƙarƙashin ruwa akwai wata cutar. Ginshiƙin gada a wannan kwari a cikin yashi da laka aka kafa shi, kuma duk ambaliya takan yashe gindinsa. Tun da aka gina manyan madatsun nan ruwa ya daina ƙafewa a wasu rassan, ciyawar kachala ta samu wurin zama, ta toshe hanyoyi, ta karkatar da ruwa zuwa inda ba a yi gini domin shi ba. A daminar 2020 da ta 2022 mutanen Haɗeja da Auyo da Miga da Kirikasamma da Guri sun ga abin da hakan ke haifarwa, lokacin da samari suka riƙa kwana suna jera buhunan ƙasa a kan jinga. Arewa kuma ba ta manta da ɓallewar madatsar Bagauda a watan Agustan 1988 ba, balle ta Alau wadda ta shanye Maiduguri a ranar 10 ga Satumba, 2024.

Hanyar da aka saba duba lafiyar gini ita ce injiniya ya zo da idonsa da gudumarsa. Kamar mai sayen tulu ne a kasuwa, wanda kan ƙwanƙwasa shi da yatsa: in ya yi ƙara tangaran lafiya lau yake, in ya yi dum to akwai tsaga. Dabara ce mai kyau, sai dai injiniya ba ya kwana a gindin gada, gudumarsa kuma ba ta isa ginshiƙin da ruwa ya rufe. Wannan ya sa masana suka shiga neman kunnen da za a binne a cikin kankaren tun ranar zuba shi, ya zauna yana sauraro dare da rana.

Dutsen da ke ba da wuta

A 1880 wasu 'yan'uwa biyu a Faransa, Jacques Curie da Pierre Curie, suka gano cewa in aka matsa wasu duwatsu masu sheƙi, irin su kwaz, caji na lantarki yakan bayyana a fuskokinsu. Shekara ɗaya bayan haka Gabriel Lippmann ya nuna da alƙalami cewa dole abin ya yi aiki ta ɗaya ɓangaren, wato in aka sa wa dutsen wuta zai motsa. 'Yan'uwan suka gwada, suka tarar haka ne. Wannan hali shi ake kira fiyezo, ko lantarkin matsi. Shi ke ba da tartsatsi a laitar kunna gas, shi ke kaɗa agogon hannu sau 32,768 a daƙiƙa, da shi kuma na'urar asibiti ke ɗaukar hoton ɗan da ke ciki. A lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya Paul Langevin ya yi amfani da kwaz wajen farautar jiragen ƙarƙashin teku da sauti.

Kwaz ba shi da kaifi sosai. Ana auna kaifin da wani adadi da masana ke rubutawa d33, wato yawan cajin da ke fitowa a kan kowane niyuton na danni. Na kwaz bai wuce fikokulom 2 da 'yan kai ba. A farkon shekarun 1950 masana a Japan suka haɗa wani irin tangaran daga dalma da zakoniyom da titaniyom, sannan a 1954 Bernard Jaffe da abokan aikinsa a Amurka suka nuna irin kaifinsa. Shi ne PZT, wanda adadinsa yakan kama daga 200 zuwa 600, gwargwadon irin haɗin.

Sai dai PZT ba ya fitowa daga tanda da wannan hali a shirye. A cikinsa akwai ƙananan yankuna birjik, kowanne da inda ya fuskanta, suna soke juna. Sai an horar da shi: a dumama shi a cikin mai, a sa masa wuta mai ƙarfin dubban bolt a kan kowace milimita ta kaurinsa, har yankunan su juya su fuskanci wuri guda. In aka cire wutar yawancinsu a haka za su zauna, matuƙar zafi bai kai wani mataki da ake kira zafin Curie ba, wanda ga yawancin ire-iren PZT yana tsakanin digiri 190 da 370.

Horarren PZT yana iya yi wa gini aiki ta hanyoyi da dama. Yana iya yin shiru ya saurara, domin duk sa'ad da tsaga ta ƙara tsawo takan saki wata 'yar ƙara mai tsananin sirantaka, wadda ta wuce kaɗawa 20,000 a daƙiƙa da kunnen mutum ke tsayawa a kai. In kunnuwa da yawa suka ji ta, daga bambancin lokacin isowarta ake gane inda tsagar take. Ana iya kuma sa ɗaya ya aika sauti, wani ya karɓa. A lafiyayyen kankare sauti yana gudun wajen mita 4,000 a daƙiƙa, in kuwa ya makara ko ya iso a raunane, to ya gamu da wani abu a hanya. Yana kuma iya jin girgizar gada sa'ad da tirela ta hau ta, girgizar da takan sauya salo in gindin ginshiƙi ya yashe.

Dalilin gauraya shi da siminti

Tsantsar PZT baƙo ne a cikin kankare. Ya fi shi nauyi sau uku, ya fi shi tauri, kuma ba sa amsa zafi da sanyi daidai da juna, don haka a hankali maƙalewar da ke tsakaninsu takan saki. Babbar matsalar ita ce ta sauti. Kowane abu yana da turjiyarsa ga sauti, wadda ake samu in an ninka nauyinsa da saurin sauti a cikinsa. Ta kankare wajen 9 ce a ma'aunin da ake amfani da shi, ta PZT kuwa wajen 30. Duk inda abubuwa biyu masu irin wannan tazara suka haɗu, kusan kashi 30 cikin 100 na ƙarfin sautin yakan koma baya daga bakin iyaka. Ƙarar tsaga da ma siririya ce, ba ta da rarar da za a yi asara.

A 2002 Zongjin Li na Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Hong Kong, tare da Dong Zhang da Keru Wu, suka fito da wata mafita: a niƙa PZT ya zama gari, a kwaɓa shi da siminti. Sun nuna cewa in PZT ya ci kashi 40 zuwa 50 cikin 100 na girman haɗin, turjiyarsa ga sauti takan zo kusa da ta kankare. Ana danna kwaɓin a mazubi ya zama ɗan faifai kamar kwabo, a bar shi ya kama, a shafa masa azurfa a fuskoki biyu, a horar da shi, a jona masa waya. Daga baya masana da dama suka ɗora a kan aikin, cikinsu har da Huang Shifeng da Cheng Xin a Jami'ar Jinan ta ƙasar Sin, da Arnon Chaipanich a Jami'ar Chiang Mai ta Tailan.

Tun a 1978 Robert Newnham na Jami'ar Jihar Pennsylvania ya tsara yadda ake raɗa wa irin waɗannan haɗe-haɗe suna da lambobi biyu. Lamba ta farko tana faɗin ta fuskoki nawa tangaran ɗin ya sadu da ɗan'uwansa, ta biyu kuma ta abin da ya kewaye shi. Ƙwayoyin da suka warwatsu a cikin siminti, ba mai taɓa wani, su ne 0-3. Siraran sanduna da aka tsayar daga sama har ƙasa su ne 1-3. Faranti bisa faranti kuma 2-2. Wannan tsari, kamar yadda za mu gani, ya fi yawan PZT ɗin kansa tasiri.

Lissafi kafin kwaɓi

Mai son yin irin wannan kunne yana da zaɓi da yawa a gabansa: yawan PZT, girman ƙwayoyinsa, irin siminti, yawan ruwan kwaɓi, ƙarfin dannawa, kwanakin da za a bar shi ya kama, zafi da ƙarfin wutar horo. In kowanne daga cikin abubuwa 8 nan yana da mataki 5 kacal, haɗuwarsu ta haura 390,000. Siminti kuma ba ya saurin biyan buƙata, sai ya yi kwana 28 ake auna ƙarfinsa. Babu ɗakin gwajin da zai iya bin waɗannan hanyoyi ɗaya bayan ɗaya. Dole a sami hanyar hasashen halin haɗin tun kafin a kwaɓa shi.

Hasashe mafi sauƙi shi ne a ɗauka abubuwan biyu gefe da gefe suke tsaye, kamar yadda suke a tsarin 1-3. Mu ɗauki misali da lambobi masu sauƙi, kusa da na gaskiya. A ce PZT ɗinmu adadinsa 400 ne, ya fi siminti tauri sau uku, kuma rabi da rabi aka yi. In aka danna faifan, mai tauri shi ke ɗaukar mafi yawan kaya, don haka sandunan za su ɗauki kashi 75 cikin 100 na nauyin. Cajinsu kuma kai tsaye zai isa farantin azurfa, tun da sun taɓo sama da ƙasa. Adadin haɗin zai zama wajen 300.

Yanzu a niƙa wannan PZT ɗin, a warwatsa shi a cikin simintin, rabi da rabi kamar dā. A nan wani hali na daban ke shigowa, wato ƙarfin riƙon caji. Na iska 1 ne, na ruwa wajen 80, na PZT daga 1,000 zuwa sama da 3,000, na busasshen siminti kuwa gomiya kaɗan. Ƙwayar da siminti ya kewaye ba ta da hanyar kai saƙonta ga farantin sai ta cikinsa, kuma mai ƙaramin riƙo shi ke shanye mafi yawan ƙarfin. Takeo Furukawa na Japan ya fitar da lissafin wannan a shekarun 1970, lokacin yana aiki a kan ƙwayoyin tangaran a cikin roba. In muka ba PZT 2,000 muka ba siminti 50, lissafinsa yana nuna cewa wajen kashi 13 cikin 100 ne kawai na tasirin ke tsallakawa. A ninka 400 da rabi, a ninka da kashi 13 ɗin, sai a sami wajen 27, kafin wani ɗan gyara da ake yi saboda bambancin tauri. Kaya iri ɗaya, awo iri ɗaya, amma tsarin zama ya rage kaifin fiye da sau goma. Abin da ake aunawa a ɗakunan gwaji ma a nan yake faɗawa: gomiyoyi ga 0-3, ɗaruruwa ga 1-3.

Duk da haka ba a yar da 0-3 ba, saboda arha da sauƙin yi. Kafin a sami 1-3 sai an tsattsaga dunƙulen PZT da zarto mai bakin lu'ulu'u, sannan a cika tsakanin da siminti. Ga shi kuma ƙarancin riƙon caji yana da nasa amfani, domin ɗan caji kaɗan yakan ba da bolt mai kauri, abin da mai sauraro ke buƙata ke nan.

Akwai lissafe-lissafe da suka fi wannan zurfi. John Eshelby ya warware a 1957 yadda danni ke rarrabuwa a jikin ƙwaya mai siffar ƙwai da ke binne a cikin wani abu. Mori da Tanaka suka faɗaɗa shi a 1973 ya ɗauki ƙwayoyi masu yawa, sannan Dunn da Taya suka shigo da shi fagen fiyezo a 1993. A yau ana zana ɗan dunƙulen haɗin a kwamfuta, da ƙwayoyinsa da ramukansa, a yayyanka shi zuwa dubban gutsattsari, a lissafa abin da ke faruwa a kowanne in an danna. Da irin wannan ake fahimtar abubuwan da gwaji ya nuna: manyan ƙwayoyi sun fi ƙanana kaifi, ramukan iska da ke maƙalewa tsakanin ƙwaya da siminti suna dakushe faifan, ɗan baƙin garin gawayi na masana'anta yana taimaka wa wutar horo ta isa ƙwayoyin, amma in ya yi yawa sai wutar ta sami hanya ta zurare.

Inda ruwa ke rikita lissafi

A koma ga misalinmu na ɗazu, a sauya lamba ɗaya tak. A ce simintin ya sha danshi, riƙon cajinsa ya tashi daga 50 zuwa 100. Kashi 13 ɗin nan zai koma 24, adadin haɗin ya tashi daga 27 zuwa wajen 48. Ba a ƙara ko ƙwaya ɗaya ta PZT ba, amma kaifin ya kusa ninkawa. Ma'anar wannan ita ce akalar lissafin a hannun siminti take. PZT kayan masana'anta ne, halinsa a rubuce yake zuwa. Siminti kuwa cike yake da ƙananan ramuka masu shan ruwa da gishiri, kuma ba ya daina sauyawa, domin haɗuwarsa da ruwa takan ci gaba watanni da shekaru bayan ya kama.

Masu gwaji sun ga alamar hakan tun da wuri. Tsantsar PZT kaifinsa raguwa yake yi sannu a hankali bayan horo. Na haɗin siminti kuwa sau da yawa ƙaruwa yake yi a kwanaki da makonnin farko, yayin da faifan ke sake shan danshin da zafin horo ya kora. Danshin nan kuma kaifi biyu ne: yana ɗaga adadin, yana kuma buɗe wa caji hanyar zurarewa, ya ƙara hayaniya a cikin saƙon.

A kwatanta wannan da ginshiƙin gada a fadamar Haɗeja. Daga Agusta zuwa Oktoba yana iya kasancewa a nutse. Da hunturu iskar arewa ta busar da shi ƙayau. Da bazara rana ta gasa shi. Kunnen da ke cikinsa zai riƙa sauya kaifi daga wata zuwa wata, ga shi kuma PZT yakan ba da caji in zafi ya sauya ko da ba a danna shi ba. In saƙo ya raunana a watan Maris, injiniyan da ke duba shi yana buƙatar sanin ko tsaga ce ta buɗe, ko kuwa kunnen ne kawai ya bushe. Wanda bai iya bambancewa ba, ko dai ya rufe lafiyayyar gada ya hana manoma kai kaya, ko ya saba da ƙararrawar ƙarya har ya ƙyale ta gaskiya. Ana iya lulluɓe faifan da danƙo mai hana ruwa shiga, kamar yadda Gangbing Song na Jami'ar Houston ya yi wa nasa PZT kafin ya binne shi a cikin ɗan dunƙule mai girman tsakuwa. Amma lulluɓin sabuwar iyaka ce da sauti zai ratsa, kuma gada ana gina ta ne don ta yi shekara 50 ko fiye.

A 'yan shekarun nan an koma ga kwamfuta mai koyo. Ana tara mata sakamakon gwaje-gwajen da aka riga aka yi, kowanne da awonsa da abin da ya bayar, ta laluɓo alaƙar da ke tsakani, har ta iya hasashen haɗin da ba a taɓa kwaɓawa ba. Takan kama abubuwan da lissafin alƙalami ya tsallake. Sai dai iliminta a kan abin da aka nuna mata yake tsayawa. Gwaje-gwajen wannan fage ba su da yawa, galibinsu kuma a gabashin Asiya aka yi su, a ɗakuna masu daidaitaccen zafi, da ire-iren simintin can. Mafi yawan simintin buhu da ake sayarwa a Najeriya irin wanda aka ƙara wa garin farar ƙasa ne. In aka tambayi irin wannan kwamfuta halin faifan da aka kwaɓa da simintin Ashaka ko na Sakkwato ko na Obajana, ya yi damina uku a cikin ruwan Marma, za ta ba da lamba har da ɗigo, amma lambar ba ta da gindi.

Aikin da ke hannunmu

Wannan giɓi ba sai an jira wani ya zo daga waje ya cike shi ba. Abin da ake buƙata bai fi ƙarfin sashen injiniya ko na kimiyyar lissafi da fiziks na jami'a ba: mazubi da injin dannawa, na'urar ba da wuta mai ƙarfi, ma'aunin d33, ma'aunin riƙon caji, sai haƙuri. Ga Kwalejin Fasaha ta Binyaminu Usman a cikin garin Haɗeja, ga Jami'ar Sule Lamido a Kafin Hausa, ga Jami'ar Tarayya a Dutse, ga Bayero a Kano da Ahmadu Bello a Zariya. A kwaɓa faifai da simintin kasuwarmu, a binne su a cikin dunƙulen kankare, a ajiye wasu inda ruwa ba ya ƙafewa, wasu a gaɓar da ke nutsewa ta bushe, wasu a tudu, a riƙa auna su kowane wata har shekaru. Jadawalin da zai fito daga nan shi ne abin da lissafin Furukawa da kwamfuta mai koyo suke buƙata kafin maganarsu ta zama abin dogaro a wannan ƙasa.

Akwai ma abin da kwarin zai iya ƙarawa daga nasa. Buntun shinkafa, wanda ke tsibi a bayan injinan casa, in aka ƙone shi yadda ya kamata yakan bar toka mai yawan sinadarin silika, wadda ke cike ramukan siminti ta rage masa shan ruwa. Siminti mai ƙarancin ramuka zai fi tsayawa a hali ɗaya tsakanin damina da rani, ko da hakan ya rage wa faifan kaifi. Ga mai sa ido a kan gini, kunne mai matsakaicin ji wanda ba ya sauyawa ya fi mai kaifi wanda ba a san yadda zai wayi gari ba.

Dole kuma a yi maganar dalma. Wajen kashi 60 cikin 100 na nauyin PZT dalma ce. A ɗaure take a cikin tangaran, faifan kuma ɗan ƙarami ne, amma mai niƙa garin yana shaƙarsa, gini kuma wata rana rushe shi za a yi. Arewa ta san gubar dalma tun abin da ya faru a ƙauyukan Zamfara a 2010, inda yara aƙalla 400 suka rasu. Waɗannan fadamu kuwa kifinsu ake ci, tafkin Nguru da mashigin Marma suna cikin jerin dausayoyin duniya na yarjejeniyar Ramsar tun 2000, Baturiya kuma tun 2008. Akwai ire-iren tangaran marasa dalma, kamar na bariyom da titaniyom, sai dai kaifinsa bai kai na PZT ba, zafin Curie ɗinsa kuma wajen digiri 120 ne kawai. Wanda zai fara gwaji a wannan kwari ya kamata ya sa irin waɗannan a cikin jerinsa tun daga farko.

Iyakar abin da kunnen ke ji

Har yanzu wannan fasaha galibinta a ɗakunan gwaji da ayyukan jarrabawa take, kuma ko ta nuna ba kowace cuta za ta gano ba. Fiyezo motsi yake ji. In nauyi ya hau ya zauna cak, cajin yakan zurare, faifan ya yi shiru, saboda haka ba zai ba da labarin ginin da ke nutsewa a hankali cikin shekaru ba. Gangar jikin Tiga da jingar da ke kare garuruwa kuma da ƙasa aka yi su, na'urorin auna matsin ruwa da yoyo suke buƙata. Wurin aikin faifan siminti shi ne ginshiƙai da bim na gada, da ƙofofin madatsa, da magudanar da rarar ruwa ke bi, da manyan kwalbatoci.

Ƙasashen da suka yi nisa a sa ido a kan gine-gine da na'ura sun nuna inda nauyin yake. Gadar Tsing Ma ta Hong Kong, wadda aka buɗe a 1997, da na'urorinta aka tsara ta. Da gadar babbar hanya ta Minneapolis a Amurka ta rufta a 2007 ta kashe mutum 13, wadda ta maye gurbinta an gina ta da na'urorin awo sama da 300. Gadar Morandi ta birnin Genoa a Italiya kuwa an daɗe da sanin tsatsa na cin wayoyinta kafin ta faɗi a watan Agustan 2018 ta hallaka mutum 43. Sanin cuta bai wadatar ba sai da mai yanke hukunci. Kunnen da aka binne yana buƙatar faifan hasken rana da batir, da hanyar aika saƙo, da ma'aikacin da aka ɗora wa alhakin karantawa, da kuma jami'in da ke da ikon rufe hanya ko buɗe ƙofar ruwa bisa abin da aka karanta.

Wannan kunne ba a sa shi bayan gini ya kama, tun ran gini ran zane. Duk gada ko kwalbatin da za a sake zubawa a kwarin Haɗeja bayan wata ambaliya dama ce ta binne 'yan faifai a ciki, kuɗinsu kuma ba zai taka kara ya karya ba in aka gwada shi da kuɗin kwangilar. Amma faifan da ba a san yadda halinsa ke sauyawa da damina da rani ba, saƙonsa ba zai karantu ba. Saboda haka awon simintinmu a cikin ruwanmu shi ne matakin farko, kuma tun da aiki ne na shekaru, wanda ya soma shi bana ne zai sami abin miƙa wa injiniya ranar da za a zuba gada ta gaba.